Sharhi: Saƙon Furannin Ƙarshen Damina a Bakin Kwara

Gaisuwa ga manoman tudu da na fadama, da Sarkawa masu kwana a kan ruwa, da Fulani makiyaya, da iyayenmu mata masu tsinkar ganye, tun daga Bagudo zuwa Ka'oje, daga Illo zuwa Lolo da Tsamiya, har da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka a Madekali da Malanbil da Segbana.

Sharhinmu na yau a kan furanni ne. Na san wani zai ce ana fama da tsadar taki da kuɗin man injin ban-ruwa, wa ke da sukunin kallon fure? To, a yi haƙuri a biyo ni sannu. Furannin da nake nufi su ne waɗanda ba wanda ya shuka, masu fitowa a gefen gona da bakin gulbi da kan rairayi tsakanin Satumba da Oktoba, lokacin da gero ya nuna, ruwan sama ya fara ja da baya. Mukan haɗa su duka mu kira su haki ko ciyawa, mu wuce. Alhali kowanne daga cikinsu yana ba da labarin ƙasar da ya tsiro a kai: ko tana da ƙarfi ko ta gaji, ko gishiri ya fara hawa, ko ruwa ya canza hali. Manomin da ya iya karanta su ya san lafiyar gonarsa tun kafin awon malamin gona ya iso. Mu kuwa muna share su da feshi, muna kuma mance sunayensu.

Bari mu leƙa nesa kaɗan kafin mu dawo gida. A ƙasashen bakin teku akwai wurare iri biyu da masana tsirrai ke ji da su. Ɗaya ita ce fadamar gishiri, shimfiɗaɗɗen taɓo da ruwan teku ke haurowa ya rufe, ya janye, ya sake dawowa. Ɗayan kuma jigawar rairayi da iska ke tarawa a bayan gaɓa. Duka biyun zaman wuya ne ga tsiro. Gishiri yana janye ruwa daga saiwa, rairayi ba ya riƙe laima, ga iska tana binne duk abin da ya ɗago kai. Duk da haka, a gaɓar Nofok ta ƙasar Ingila, idan Agusta ya kama, fadamun gishiri sukan rine da launin shunayya, saboda furen wani tsiro da ke fitar da gishirin da ya sha ta wasu ƙananan ƙofofi a jikin ganyensa. Kusa da shi akwai wani mai gaɓoɓi cike da ruwa, wanda ke sirka gishirin a cikin jikinsa, ya koma ja idan sanyi ya gabato. A zamanin da, ƙona shi ake yi a yi sabulu da gilashi da tokarsa. A kan jigawa kuwa wata doguwar ciyawa ce ke mulki, mai nannaɗe ganyenta don kada ruwa ya tsere, wadda rairayi ke binnewa tana ƙara miƙewa. Mutanen Holan, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsu ke ƙasa da matakin teku, da hannu suke dasa wannan ciyawa, su kafa shinge su hana kowa tattake ta. Sun san idan ta mutu, jigawa za ta tashi, teku kuma ya shigo gari.

Ba sai mun je Turai ba ma. Wanda ya bi mota daga Malanbil ya gangara Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700, zai tarar da irin wannan. A kusa da Wida akwai ƙauyen Djegbadji, inda mata ke kankare ƙasa mai gishiri a bakin tafkin teku, su tace ta da ruwa, su dafa har gishiri ya fito. A kan rairayin gaɓar kuma, daga Wida har Badagiri, akwai wani tsiro mai yaɗo da fure mai siffar bakin kakaki, ja da sirkin shuɗi. Duk ɗan Bagudo da ya gan shi zai rantse duman kada ne. Bai yi kuskure sosai ba, domin dangi ɗaya ne, aikinsu kuma ɗaya.

To mu a nan ba mu da teku, amma muna da Kwara, kogin da ya taso daga duwatsun Gini ya yi tafiyar fiye da kilomita 4,000, ya kuma shigo Najeriya ta wannan kusurwa tamu. Kwara tana cika sau biyu a shekara. Akwai cikar da masana ke kira farin ruwa, wadda ruwan samanmu ke kawowa daga Agusta zuwa Oktoba, ruwa mai laka. Akwai kuma baƙin ruwa, ruwan Gini da ya daɗe yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, sai ya iso mana cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Wannan hawa da sauka shi ke raba wa tsirrai mazauni. Wanda ke jure nutsewa ya zauna ƙasa, wanda ke son laima ba tare da nutsewa ba ya tsaya tsakiya, mai son rairayi ya hau sama. Wanda ya tsaya a kan gadar Tuga ya duba gaɓa da kyau zai ga wannan jeri, kowa a layinsa.

Mu fara da na kan rairayi, wato duman kada, wanda wasu ke kira duman rafi. Makiyaya ba sa ƙaunarsa, kuma da hujjarsu: dabbar da yunwa ta sa ta ci shi da yawa takan kama karkarwa da tangaɗi. Amma a duba yadda yake tafiya. Yana miƙa reshe a kan rairayi, duk inda gaɓa ta taɓa ƙasa sai ta sa saiwa, har ya ɗinke wurin kamar yadda masaƙi ke ɗaure zana. Iska ba ta iya kwasar rairayin, ruwa ba ya saurin zaizaye shi, ganyen da ya bushe yana ruɓewa a ƙarƙashi, sai wata ciyawar ta sami wurin kama ƙasa. Shi ne mai share fage. Inda aka ga furensa ya rufe gaɓa, a san cewa gaɓar nan tana ɗaure. Inda aka tuge shi don a ƙara kunya biyu ta shuka, shekara ba ta zagayowa sai gulbi ya karɓi kunyoyin har da riba.

Idan aka gangara fadama, sarkin furanni shi ne bado. Farin bado da dare yake buɗewa, hantsi na yi ya rufe, shi ya sa masunci da mai sammakon ɗiban ruwa suka fi kowa saninsa. Kakanninmu sun ci 'ya'yansa da tushensa, kuma a shekarun yunwa ya tsayar da rayuka. Bado ba ya zama a ruwan da ke ƙafewa da wuri. Ganinsa shaida ce cewa tafkin yana riƙe ruwa wata da watanni, kuma a ƙarƙashin faffaɗan ganyensa ƙananan kifaye ke fakewa. Kusa da shi awarwaro yana yaɗo a kan ruwa da furensa. Sai ciyawar burgu, wadda ke ƙara tsawo gwargwadon hawan ruwa, karanta na yawo a sama, mai zaƙi, abincin doki da saniya idan rani ya tsananta, kuma makwancin kifi lokacin ƙwai. A ƙasar Mali har dasa ta ake yi da hannu, a sayar da damminta a kasuwa.

A bakin ruwa inda taɓo ya fara tauri, nan zazar giwa ke tsayawa da ƙayarta da furenta mai shuɗi-shuɗi. A wasu sassan Afirka ana ƙona ta a tace tokar a sami gishirin miya. Nan ne kuma bunsurun fadama yake, mai ƙarfin wari, wanda tsofaffi ke sawa a rumbun wake don korar ƙwari, a kuma yi hayaƙinsa saboda sauro. Ga jema mai zurfin saiwa da ke riƙe gaɓa, ana zana da malafa da ita. Ga kajiji da mata ke haƙa don turare. Ga giyayya, itacen da ke tsayawa cikin ruwa wata da watanni bai mutu ba, da furanninta masu dunƙule-dunƙule. Ga ƙaidaji mai naɗe ganye da zarar an taɓa shi. Duk wanda ya lissafa waɗannan zai ga fadama ta ba mu abinci da magani da rufin ɗaki da ƙamshi tun kafin a shuka ƙwayar shinkafa ɗaya.

Batun gishiri ma ba baƙonmu ba ne. Arewa da mu kaɗan, a tsallaken iyakar Nijar ta wajen Gaya, akwai kwarin Foga, wanda ke haɗuwa da Dallol Mawuri kafin su gangaro Kwara. Gishirin Foga ya yi suna a kasuwannin Kabi da Dandi da Borgu tun kafin zuwan Turawa. A 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa kwarin a hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi, ya kuma rubuta yadda ake tara ƙasar, a tace, a dafa. Dabarar da matan Djegbadji ke yi a bakin teku ita ce ake yi a Foga, nesa da kowane teku. A irin wannan ƙasa tsirrai 'yan kaɗan ne ke jurewa. Goriba tana iyawa, haka wasu gajerun ciyayi masu tauri da ke rarrafe a bakin farin ɓawon gishiri.

Me ya sa wannan ya shafi manomin Bagudo? Saboda noman rani. Duk ruwan da injin ya zuƙo yana ɗauke da ɗan gishiri. Rana ta shanye ruwan, gishirin ya zauna. Idan gona ba ta da magudanar da za ta wanke shi, shekara bayan shekara sai ya taru. Kafin farin ɓawo ya bayyana a ido, ciyawa takan riga ta faɗa: masu laushin ganye su ɓace, wurin ya yi sanƙo-sanƙo, sai 'yan gajeru masu tauri su rage. Manomin da ya saba duba abin da ke tsirowa a kan kunyar gonarsa zai farga da wuri, ya gyara magudana, ya bar ambaliya ta wanke wurin. Wanda ya feshe komai ya bar ƙasa tsirara, sai shinkafa ta fara ƙonewa sannan zai sani.

Mu hau tudu. A wannan lokaci gefen hanya rawaya ne da furen tafasa da na rai-ɗore. Karkashi yana kwance a kan rairayi da furensa mai ruwan hoda, ga gasaya da farin furenta, ga rama, ga lalo. Waɗannan su ne tukunyar talaka a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai shigo ba: kwaɗon tafasa, miyar karkashi, miyar lalo. Abin da uwa ta shanya a kaka shi ake kaɗawa a bazara. Kyasuwa ta yi jan kai, gamba ta miƙe tana jiran masu zana, ƙarangiya da tsidau suna koya wa mara takalmi hankali. Sai dai a kula, kyan fure ba shaidar lafiya ba ne. Gatarin kurege, mai fure ja da rawaya da ke hawa kan kalgo da sabara, guba ne tun daga tushe har 'ya'ya. Zaƙami kuma, da farin furensa, kowa ya san abin da ya yi wa matasan da suka ɗauke shi abin wasa.

A cikin gonar gero da dawa kuwa akwai furen da ya fi kowanne kyau, ya kuma fi kowanne mugunta: wuta-wuta, ko ƙuduji. Irinsa ya fi ƙwayar rairayi ƙanƙanta, tsiro ɗaya yana zubar da dubun dubata, kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma yana jira. Ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. Daga nan ya manne mata, ya yi ta tsotsa a ɓoye. Ranar da ka ga furensa mai ruwan hoda, ɓarna ta riga ta yi nisa. Amma a lura da inda ya fi yawa: gonar da aka yi shekaru ana maimaita hatsi, ba taki, ba hutu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saƙon wuta-wuta shi ne ƙasa ta gaji. Maganinsa a tuge shi kafin ya zubar da iri a ƙona, a kai takin gargajiya, a juya shuka da gyaɗa ko waken suya ko auduga, waɗanda ke yaudarar irinsa ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya da cibiyar IITA sun kuma fitar da irin masara da na wake masu jure masa.

Tumfafiya ma mai kawo rahoto ce. Inda ta yi yawa a fili, yawanci wurin ya sha kiwo ko noma har ya rame. Duk da haka ba a raina ta. Matan Fulani na Borgu, a ɓangaren Benin, da ita suke daskarar da madara su yi cukun nan da ake kira wagashi, su rina bayansa ja da karan dafi, a kai shi kasuwannin Kandi da Paraku har Kwatano. Tsiron da akuya ke wucewa ta bari, ga shi yana riƙe da sana'ar gidaje.

Akwai kuma baƙi. Kainuwar da muka gada, wadda ake wa kirari da dashen Allah, ba ta da wani fure na a zo a gani. Amma akwai baƙuwar kainuwa mai kumburarren wuya da kyakkyawan fure mai shuɗi-shuɗi. Asalinta Kudancin Amurka ne, kyanta ne ya sa mutane suka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa. A 1984 ta bayyana a ruwan Badagiri, ta shigo daga ɓangaren Benin, kuma kafin shekarun 1990 su yi nisa ta zama abin kuka a Kwara da tafkin Kainji. Idan ta sami yadda take so, cikin mako biyu takan ninka kanta. Tana toshe hanyar kwalekwale, ta yaga koma, ta hana haske da iska isa ga kifi, ta danne bado da burgu. A kudancin Benin an yaƙe ta da wasu ƙananan ƙwari da ke cin ta, waɗanda aka saki a farkon shekarun 1990. Can gabas kuma, mutanen Haɗeja da Nguru suna da nasu labarin da kacala, wadda ta cike magudanai bayan madatsun ruwa sun sauya yadda kogi ke cika da janyewa. Darasin ɗaya ne: idan tsiro guda ya mamaye ruwa ya kori sauran, to wani abu ya taɓu a ruwan.

Yanzu ga labarin da nake so kowane manomin shinkafa ya riƙe. Shinkafar daji, wadda muke tsinewa idan ta shiga gona, ita ce uwar shinkafarmu ta gargajiya. Daga jikinta manoman bakin wannan kogi, can ƙasar Mali, suka zaɓo iri shekaru dubbai da suka wuce. Da jinin wannan shinkafa ta Afirka Dokta Monty Jones na Saliyo ya haɗa ta Asiya ya samar da irin NERICA, aikin da ya ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2004. Haka kuma daga wata shinkafar daji da aka ɗebo a Mali masana suka gano ƙwayar halittar da ke kare shinkafa daga cutar ƙunar ganye, aka ware ta a Jami'ar Kalifoniya a 1995, yau tana cikin irin da ake shukawa a Asiya. Abin da muke kira haki, wasu sun ɗauke shi sun kare abincin miliyoyin mutane. Wa ya san abin da ke ɓoye cikin sauran da ke bakin tafkunanmu?

Masu sauraro, ba wanda zai ce a daina noman shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kabi a watan Nuwamban 2015, shinkafa ta gina gidaje, ta aurar da 'ya'ya, ta kai mutane Makka. Abin dubawa shi ne yadda muke yi. Gona ta bi fadama har bakin ruwa. Maganin feshi ya maye gurbin fartanya, kuma ba a tsaya cikin gona ba, har kunya da gefen hanya da bakin tafki ake bi. Wasu a tafkin ma suke wanke tankin feshi, inda yara ke wanka, shanu ke sha. Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta wasu daga cikin waɗannan magunguna, irin su paraquat, saboda haɗarinsu ga ɗan Adam. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jiharmu ta Kabi, ba ciyawa ce za ta hana ta ba. Amma gaɓar da ke da jema da giyayya da duman kada ba ta rushewa kamar wadda aka aske.

Akwai kuma ƙudan zuma. Furannin kaka su ne guzurinsa. Idan ya ƙoshi yanzu, shi ne zai kai lokacin da kaɗanya da mangwaro za su yi fure cikin rani, shi ne zai bi kabewa da kankana da riɗi. Mai amya ya san haka. Idan aka ƙone gefen gona da magani, zuma ta ragu, 'ya'yan itace su ragu, mai tsintar kaɗe ta dawo da rabin kwando, ba wanda zai danganta abin da feshin da aka yi watanni baya.

Sai asarar da ba a gani, wato ta sunaye. A 1916 wani likitan Turawan mulki, J. M. Dalziel, ya wallafa littafi guda na sunayen tsirrai na Hausa, waɗanda ya tattaro daga bakin manoma da makiyaya da masu magani. Har yau masana na komawa gare shi. Ilimin na kakanninmu ne, shi rubutawa ya yi. Yau a tara 'yan sakandare a nuna musu zazar giwa ko bunsurun fadama, a ga mutum nawa za su ambaci suna. Ƙasar Bagudo kuwa tana da arzikin da wurare da yawa ba su da shi: tsiro ɗaya yana da suna da Hausa, da Dandanci, da Zabarmanci, da Fulatanci, da harshen Kyangawa da na Busawa, kuma kowane suna yana tafe da nasa sanin amfani. Duk tsohuwar da ta rasu ba a tambaye ta ba, ta tafi da nata kason.

To mene ne abin yi? Na farko, a bar wa gulbi da tafki gefensu. Taku goma ko ashirin daga bakin ruwa, kada a nome, kada a fesa. Wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi, yana bukatar hakimai da dagatai da sarakunan noma da sarakunan ruwa da arɗaɗɗan Fulani su zauna su yanke magana, kamar yadda aka saba yi a kan burtali da ranar su. Na biyu, feshi ya tsaya cikin gona, a nisanta wankin tanki da zubar da galan daga ruwa, mai feshi kuma ya rufe hanci da jikinsa. Na uku, a daina gaggawar cinna wa daji wuta kafin ciyawa ta zubar da iri.

Na huɗu ya shafi malaman makaranta. A cikin wannan wata, a fita da yara bakin fadama tare da dattijo ɗaya da tsohuwa ɗaya. A tsinko tsiro da furensa, a danne shi tsakanin tsofaffin jaridu har ya bushe, a manna a takarda, a rubuta sunansa da duk harsunan garin, da inda aka same shi, da amfaninsa, da haɗarinsa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi da jami'ar jiha da ke Aleiro da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato suna da ɗaliban kimiyyar tsirrai masu neman abin bincike, ga shi nan a ƙofar gida. Na biyar kuma na hukumomi ne. Irin tsiro da ruwa ba su san shingen kwastan ba. Abin da aka zuba a ruwa a Malanbil, Lolo zai sha, kainuwar da ta taso daga Gaya a Tuga za ta kwana. Najeriya da Benin da Nijar duk mambobi ne na Hukumar Kogin Neja mai hedikwata a Yamai. Ya kamata maganar baƙin tsirrai da gubar feshi ta sauko daga teburin taro ta iso ga masunta da manoman gaɓa biyu.

Kai kuma manomi, kafin ka ɗaure damin ƙarshe na bana, zagaya gonarka ka duba abin da ya yi fure. Idan wuta-wuta ne ya fi yawa, ka san taki da juyin shuka ke gabanka. Idan kunyar fadamarka ta fara sanƙo, ka duba magudana. Idan bado ya ɓace a tafkin da ka san shi da shi, ka tambayi abin da ake zubawa a ciki, ka kai maganar gaban mai gari. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Nan muka kawo ƙarshen sharhinmu na yau. Allah Ya sa mu girbe lafiya, Ya tsare mu daga ambaliya da fari, Ya zaunar da iyakokinmu lafiya.